Soron Tasalla Ba Ya Ɗaukuwa

A shekarun da Nasara biyu suka raba ƙasar nan, Ingilishi ta kudu, Faranshi ta arewa, suka daddasa duwatsun iyaka a tsakiyar gonakin mutane, akwai wata shiyya a arewacin Illela da ba a gina ɗaki don a tsufa a cikinsa. Bangon laka ne gajere, jinkar ciyawa kuwa ana ɗora ta sako-sako yadda maza huɗu za su iya cicciɓa ta. In kaka ta yi, aka ji malamin ƙidayar haraji ya taso daga wajen hakimi, sai kowa ya sauke jinkarsa, a ɗora a kai, a miƙe hanya har a wuce dutsen iyaka, a kafa su a fako a zauna ƙarƙashi. Malami ya zo ya tarar da ɗakuna baki buɗe, ya ce kangaye ne, kango kuwa ba ya biyan kuɗin gida. Yana juya baya jinkaye su dawo. In na Faranshi ne suka taso, 'yan'uwanmu na can su ɗauko nasu su ƙetaro nan. Har yau mu mutanen bakin iyaka muna ba da labarin nan muna ƙyaƙyatawa, wai mu ga masu wayo. Ni dai ba ya ba ni dariya sosai, don na san waɗanda wayon ya cinye.

Gida ɗaya ne ya saɓa a shiyyar. Soro ne na ƙasa, da azarar giginya, da zaure mai ƙyauren itace. Maharazu, wani falken kanwa da gishiri, shi ya gina shi, daga baya ya koma kusa da kasuwa ya bar shi. Mutum ne mai sanyin murya, in yana gaishe ka sai ka ɗauka shi ya yi jinyar mahaifinka.

Tasalla kuwa ba 'yar Illela ba ce, kuma in ka matsa mata da tambaya ba za ta iya ce maka ga garinsu ba. A Kwanni aka haife ta, a ƙasar Adar aka yi mata aure. Tun mijin na da rai ba su taɓa cin kaka uku a gari ɗaya ba, yau gudun yaƙi, gobe gudun yunwa, jibi gudun haraji. Ta yi haihuwa biyar, kowace a garinta, autar ce kaɗai ta rayu, Hindatu. Ta san garuruwan da ta bar 'ya'yanta a ƙasa, amma ko ka kai ta ba za ta nuna maka wurin ba, an daɗe da noma gero a kai. Da Faranshi suka kama mijin aikin ɗaukar kaya, ya tafi da ƙafarsa labarinsa ya dawo, sai ta ƙetaro. Ta ɗan zauna Araba, ta aurar da Hindatu a Tozai, ta ƙare a rumfar kara bakin tafkin Kalmalo. Can ta koyi bandar kifi, ta yi ta tara na kanta har ta sayi jaki, wani aura mai taurin kai irin nata, shi ke kai mata kaya kasuwar Illela.

Abin da take so ɗaya ne, ba ta kuma ɓoye shi ga kowa. Tana son ƙofar da za a ce ta Tasalla ce, a zo baɗi a same ta, a zo bayan shekara goma a same ta. Ta gaji da ɗaure tabarma. Har in ta ga mace na naɗe shimfiɗa da safe sai ta ji ranta ya ɓaci.

Maganar ta kai kunnen Maharazu, ya zo har inda take baza kifi ya ce yana da gida. Ta je ta gani. Ba ta yarda da bakinsa ba, ta ɗauki sanda ta ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya ko gara ta ci, ta sa aka kawo tsani ta hau ta duba indararo, tana mace mai jika a hanya. Suka yi ciniki. Duk abin da ta tara ya tafi, har da mundayen uwarta da ta yi ta ɓoyo tun daga Kwanni.

A zauren mai unguwa Yari aka ƙulla. Yari ya gyara rawani ya yi mata bayani, cewa ƙasa ba a sayar da ita, da tana hannun sarki, yanzu Nasara ya ce tana hannunsa, abin da ake saye gini ne, bango da azara da ƙyaure. Sannan akwai ushira, ɗaya cikin goma na kuɗin gidan, mai saye ke biya, kuma wai Nasara na da rabonsa a ciki, shi Yari zai kai. Tasalla ta ce ita ba ta ga ranar da Nasara ya kwaɓa laka a gidan ba. Aka yi dariya, ta kwance bakin zane ta biya. Aka raba goro, aka shafa fatiha. Duk wanda ke zaune a zauren nan ya san Yari surukin Maharazu ne, ya san kuma wani abu da ya fi wannan, amma kowa ya tauna goronsa ya yi shiru.

Ta tare da bazara. Ta yaɓe soron da hannunta, ta kafa wa aura turke a tsakar gida, ta jera duwatsun murhu ta danna su da ƙafa kamar mai cewa nan za ku mutu. Maƙwabta suka karɓe ta da fara'a, ana aiko mata da fura, tana aika musu da kan kifi. Damina ta wuce ba ɗigon ruwa ko ɗaya a ɗakinta. Ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa barci irin na wannan damina ba.

Da gero ya fara nuna aka kawo Hindatu daga Tozai da tsohon ciki, don haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Wannan ne ya fi komai faranta wa Tasalla rai. Ita lokacin tata haihuwar farin ba ta da gidan da za a kai ta, uwarta na can wani gari tana raɓe a gidan mutane. Ana cikin yankan gero Hindatu ta sauka lafiya, aka sami mace.

Ungozomar shiyyar wata tsohuwa ce, Kaltume, mai gajeren haƙuri da dogon tuni. Da ta gama gyara mai jego da jaririya, ta wanke mabiyiya ta sa a kasko, ta ce a nuna mata inda za a binne. Al'ada ce, a bayan ɗaki ake binne ta, kuma nan za a riƙa zuba ruwan wankan jaririyar mai ɗumi safe da yamma. Tasalla ta ɗauki fartanya ta zaga baya, ta zaɓi gindin indararo ta ɗaga hannu za ta sara.

Kaltume ta ce, "Ba nan ba. Nan nib bizne ta ɗan wani Ba'adare."

Tasalla ta matsa gaba kusa da kusurwa. Kaltume ta ce can ma akwai ta 'yar wani majemi. Tasalla ta ajiye fartanya a hankali ta dubi tsohuwar.

"Iya, mabiyiya nawa ta cikin gidan ga? Ina uwayensu?"

Kaltume ta gyara riƙon kaskon. Wataƙila ta gaji da haɗiye maganar ne, wataƙila kuma ganin jinin haihuwa bai bushe a hannunta ba ta ji ba ta iya yin ƙarya. Ta ce, "Sun tahi da masu jinka, sun komo sun iske gida ba nasu na ba."

A tsaye a bayan ɗakin ta zayyana mata. Tasalla ce ta uku da Maharazu ya sayar wa soron nan, kuma duk baƙi yake nema, waɗanda ba su da dangi a gari. In lokacin ƙidaya ya zo, Yari ya ce kowa ya ƙetara, baƙo ma ya ja ƙyaure ya bi ayari, don wa zai so ya zama shi kaɗai ya ja wa mutane? Malami ya zo, Yari ya nuna masa soron ya ce ba kowa, kango ne. Gidan da aka ce kango kuwa hannun mai unguwa yake komawa. 'Yan gari in sun dawo da jinkarsu ba mai ce musu kanzil, kowa ya koma fegensa. Baƙo ne kaɗai ake ce wa ai an ƙidaya gidan a kango, ya koma ga wanda ya gina shi. Ina zai kai ƙara? Ya je gaban alƙali ya ce na gudu wa haraji ne aka ƙwace mini gida? Sai ya ɗaure kayansa. Maharazu ya sake samun soro, Yari ya jira sabuwar ushira.

Tasalla ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi zagi ba, abin da ya ba Kaltume tsoro ke nan. Ta ɗauki fartanya ta sami wuri tsakanin na Ba'adare da na majemi, ta haƙa rami mai zurfi fiye da yadda ake yi, ta karɓi kaskon ta sa da kanta ta rufe. Sannan ta je ta hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunyar wanka.

Ba a daɗe da suna ba labari ya zo cewa malamin ƙidaya ya gama da Araba, nan ya nufo. Shiyya ta ruɗe. Maza na kwance igiya, mata na tattara ƙwarya, ana kora awaki. Da hantsi jinkaye suka fara tafiya, kowace da ƙafafu takwas a ƙarƙashinta, suna rangaji a kan hanyar arewa. Hayaƙi ɗaya ne ya rage a shiyyar, na tukunyar wankan jego, yana tashi tsaye daga tsakar gidan Tasalla.

Yari ya zo da kansa, Maharazu na biye da shi yana murza carbi. Suka yi sallama a zaure, ta fito hannunta da ganyen wanka. Yari ya ce mata ta kashe wuta ta ja ƙyaure, an tanadi jakin da zai ɗauki mai jego, kwana kaɗan ne a dawo.

Ta ce, "Ranka shi daɗe, ni ba ni da jinka. Soro nis saya, gabanka nis saye shi, kuma ba shi ɗaukuwa."

Maharazu ya sa baki da muryar nan tasa, ya ce ai ba soron za a ɗauka ba, shi da kansa zai sa ido a kan gidan har ta dawo, ko tsinke ba zai ɓata ba. Ta ce ta gode, ta ji labarin irin sa idon da ya yi wa Ba'adare da majemi. Carbin ya tsaya a hannunsa.

Yari ya ga an zo wurin, ya bar lallashi. Ya ce ta yi tunani. Malami ba ya komawa wurin hakimi hannu wofi, in ya tarar da gida ɗaya da wuta, abin da ya so samu a shiyyar a kan gidan zai jibga shi. Kuma azurfa ake karɓa yanzu, ba kuɗin wuri ba. Ya ce ko don yarinyar da ke jego ta ji tsoron Allah.

"Kada ka raɓa da jego," in ji ta. "Ko ba mai jego ba ni zuwa ko'ina. Na gudu ma Faranshi, na gudu ma yunwa, na gudu ma abin da ban ko gani ba. Ƙahwata ta gama. In haraji na, shi hwaɗo, kan ga na ɗaukar kaya na."

Wasu daga cikin maƙwabta sun tsaya da kaya a ka suna ji. Wata ta ce mata ashe haka take, an ci an sha da ita za ta tona wa mutane asiri. Tasalla ta dube ta ta ce an ci an sha da ita, gaskiya ne, kuma duk mai aiko mata da fura ya san abin da ake shirya mata. Matar ta kau da kai ta bi jinkarta. Kaltume kuwa 'ya'yanta suka ɗauki tata jinkar suka ce ta taso, ta ce ita ba ta taɓa barin mai jego a tsakiyar wanka ba, ba kuma da tsufanta za ta fara ba. Ta kwaso tabarmarta ta shigo soro.

A ɗaki Hindatu ta kira uwarta. Ta ce, "Inna, in sunka ɗaure ki fa?" Tasalla ta ce in sun ɗaure ta a gidanta za su zo su same ta, wannan ma ci gaba ne. Ta faɗa da wasa, amma da ta fita tsakar gida ta daɗe tsaye kusa da aura tana sosa masa wuya. Tsoro take ji, tsoro sosai, kuma ta san abin da take da shi da zai zama azurfa ɗaya ne, ga shi yana cin kara a gabanta.

Washegari da rana ta ɗaga malamin ya iso a kan doki, da dogari, da wani mai ɗauke da ƙwaryar farar ƙasa da aka dama. A wancan lokaci duk gidan da aka ƙidaya sai a shafa masa farar ƙasa a ƙyaure ko a bango, kada a maimaita. Ba tabon da mutane suka tsana kamarsa, malami na wucewa ake kankare shi. Yari na gefen doki yana nuna kangaye, yana cewa waɗannan yunwa ta kore su, waɗancan sun tafi cin rani. Malamin ya ga ciyawar jinka sabuwa a zube a hanya, ya ga kashin awaki ɗanye, ya kau da kai. Ba yau ya fara aikin iyaka ba. Da ya hangi hayaƙi ya ja linzami.

Yari ya yi saurin cewa kango ne shi ma, wasu matafiya mata ne haihuwa ta kama a hanya, ya ba su aro don Allah, gobe ko jibi za su wuce. Malamin ya gyaɗa kai zai karkata doki. Sai ga Tasalla ta fito daga zaure, ta yafa mayafi, ta zo ta tsaya a gaban dokin har yana hura mata numfashi. Dogari ya daka mata tsawa, ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa ta gaida malamin yadda ya kamata, ta miƙe.

"Allah gafarta malam, gidan ga ba kango na ba. A sa mai farar ƙasa."

Malamin ya dube ta da kyau. Ya sha ganin masu kuka, da masu rantsuwa, da masu ɓoye 'ya'ya a rumbu, bai taɓa ganin wanda ya tare doki don a ƙidaya shi ba. Ya ce, "Wa am maigida?"

"Ni ta."

Ya juya wajen Yari. Yari ya fara cewa tsohuwar ba ta cika hankali ba. Tasalla ta ce hankalinta ya isa ta tuna ranar da ta sayi gidan a zaurensa, gaban shaidu, ta biya ushira a hannunsa, ushirar da ya ce Nasara na da rabo a ciki. Ta ce tunda malam daga wajen hakimi yake, ai ya san ko rabon ya isa. Sannan ta dubi Yari ido cikin ido.

"Ushira tawa ɗai nika magana, mai unguwa. Ban ce ta wasu ba tukuna."

Na so a ce ina wurin in ga fuskar Yari. Kaltume, wadda ke leƙe ta zaure, ta ce sai da rawaninsa ya jiƙe. Nan take ya tuna. Ya ce af, wannan gidan ne, tsufa ya fara taɓa shi, lalle ta saya, lalle ta biya, ushirar ma tana nan ajiye yana shirin kaiwa. Malamin ya ce to ya kawo ta yau, ya huta da ɗawainiya. Ya yi wa mai ƙwarya nuni, aka shafa farar ƙasa a ƙyauren Tasalla, layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa.

Da ta tsaya nan da ta sha da sauƙi. Amma malamin ya ga ya sami bakin da ke magana, ya sunkuyo daga kan doki ya tambaye ta ina maƙwabtanta suka tafi, su wane ne, gida nawa. Ya ce in ta faɗa, kuɗin gida ɗaya za ta biya, shi ma zai sassauta.

Ta san sunan kowa. Ta san waɗanda suka zauna a zauren Yari suka ci goron cinikinta. Ta ce, "Malam, gida nis saya, ban sayi maƙwabta ba. Ka ƙidaya abin da kag gani."

Ya sake tambaya, ta sake ba shi amsar nan. Ransa ya ɓaci, don ba a saba mace ta mayar masa da magana a gaban dogari ba. Ya ce tunda ita kaɗai ya gani, to ita za ta ɗauki na kangayen da ke jikin bangonta dama da hagu, haɗe da nata, kafin ya gama zagayen Kalmalo ya dawo. Ta ce ta ji. Ta koma ciki ta ƙara itace a wuta, don lokacin wankan yamma ya kusa.

Ranar kasuwa ta ja aura ta kai shi. Ba ta yarda kowa ya raka ta ba. Dillali ya sayar, ta karɓi azurfa, ta juya ba ta waiwaya ba ko da ta ji kukansa. Sai daga baya ta ji cewa Maharazu ne ya saya ta hannun wani. Malami ya dawo ta biya shi cif, ta sa ya faɗa da bakinsa gaban dogari da Yari cewa gidan Tasalla ya biya.

Jinkaye suka dawo, kowace ta hau bangonta. Maƙwabta suka ji abin da ya faru daga bakin Kaltume, wadda ba ta rage ko ɗaya ba, har da ƙari. Kada ka ɗauka sun taru sun biya ta abin da ta biya musu. Mutanenmu ba su kai nan ba. Kunya dai ta kama su, kunyar kuma ta sa wasu suka daina gaishe ta gaba ɗaya, don ya fi sauƙi. Wasu kuwa sai ta tashi da safe ta tarar da damin itace a zaure, ba a san mai kawowa ba. Ta ƙona itacen, ba ta tambaya ba.

Hindatu ta yi arba'in, dangin miji suka zo daga Tozai ɗaukarta. Tana kuka ta ce uwar ta sayar da soron ta biyo ta, wa zai ɗaukar mata kifi yanzu? Tasalla ta goya mata jaririyar da kanta, ta ɗaure zanen tam, ta ce in an tashi yaye yarinyar nan ba sai an yi tambaya a hanya ba, an san ƙofar da za a kawo ta.

Daga nan ta koma ɗaukar kwandon banda a ka, daga Kalmalo zuwa Illela, ita da ta yi shekaru tana tafe bayan jaki da 'yar tsumagiya. Wuyanta ya riƙa ciwo, gashin tsakar kanta ya zube. Maharazu ya bari sai da rani ya yi tsanani, ya same ta a hanya ta sauke kaya a gindin wata ƙirya tana haki. Ya yi mata sannu har sau uku. Ya ce tausayinta yake ji, in ta yarda ya mayar mata da aura da rabin kuɗinta ta bar masa soron, ta sami 'yar bukka mai jinka kamar kowa, ba mai sake ɗora mata harajin wani. Jakin na tsaye da buhunan kanwa, ya miƙo baki yana shinshinar zanenta. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye ya cika mata ido, ba ta ɓoye ba. Sannan ta ce wa Maharazu tunda tausayi ya kawo shi, ya kama mata kwandon ta ɗora. Ya kama mata, ta wuce.

Aura dai bai san an yi ciniki ba. Hanyar Maharazu ta zuwa Kwanni ta ƙofar soron ta bi, kuma duk ranar da suka zo wucewa sai jakin ya ja ya tsaya a bakin zaure, ya kafe. A yi duka, a yi ja, sai ya ga dama. Haka Maharazu ya riƙa tsayuwa a gaban gidan da ya saba sayarwa, yana kallon farin layin nan a ƙyaure, yara na dariya.

Ruwan farko ya sauka da iska daga gabas, ya daki ƙyauren ya wanke farar ƙasar tas. Tasalla ta dawo daga Kalmalo da la'asar, jiƙe, ta ga ƙyaure fes. Ta sauke kwando a zaure, ko ruwa ba ta sha ba, ta shiga ta ɗauko ɗan curin farar ƙasa da ta saya ta ajiye tun rani. Ta dama a sakaina, ta fito ta tsoma yatsu huɗu ta ja layi daga sama har ƙasa, ya fi na malamin kauri. Tana cikin ja ta ji takun da ta sani a bayanta ya tsaya. Ta gama, ta goge hannu a zane, ta juyo ta sosa wa aura wuya, sannan ta dubi mai shi.

"Maharazu, in ruwa ya sake wanke ta ban lura ba, ka gaya mani. Duk garin ga ba wanda yaf fi ka kallon ƙohwar ga."

Ta ɗauki sakainarta ta shiga gida, ta ja ƙyaure.